Likkafa da wangami: neman sunan abin ɗora ƙafa a babur

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu harshe a kan wata kalma da ta tsaya mini tun makon jiya. Ƙanena yana sayar da kayan babur a wata rumfa kusa da kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma ya roƙe ni in rubuta masa jerin kayansa da Hausa domin ya riƙa tura wa abokan cinikinsa ta waya. Sarƙa, taya, madubi, fitila da birki duk sun wuce ba gardama. Da muka iso kan abin da mahayi yake ɗora ƙafarsa sai alƙalami ya tsaya, domin ya ciro mini abubuwa biyu masu siffa daban daga kwali, alhali shi da yaransa suna kiransu da suna ɗaya, wato fos-fiye, wanda aka aro daga Faransanci. Masu sayo kaya daga Kano kuwa futires suke cewa, daga Ingilishi. Ban ƙi aro ba, tun da babur ɗin ma da moto duk ba gadonmu ba ne. Abin da ya dame ni shi ne mai saye ya aiko a kawo masa ɗaya a kai masa ɗayan.

Na farkon kowa ya san shi. Guntun ƙarfe ne mai kaurin babban yatsa ko fiye kaɗan, an sa masa rigar roba, tsawonsa bai wuce faɗin tafin ƙafa ba, kuma tsakiyar takalmi kawai yake ɗauka, diddige da yatsu suna lilo a iska. Na biyun shimfiɗaɗɗe ne kamar ƙaramin allo, tsawonsa ya kusa tsawon takalmin babban mutum, ƙafa tana zama a kansa gaba ɗaya kamar yadda take zama a ƙasa. Turawan Ingilishi suna ce masa fulobod, sunan da asalinsa na katakon daɓen ɗaki ne. An fi saninsa a manyan baburan doguwar tafiya na Amurka, irin su Electra Glide na kamfanin Harley-Davidson, wanda ya fito a 1965, da takwarorinsa na kamfanin Indian. Gold Wing na Honda, da aka fara sayarwa a 1975, ya bi wata hanya: injinsa a kwance yake, kawunansa sun fito dama da hagu sun cinye wurin ƙafa, saboda haka direba guntun ƙarfe yake takawa, faffaɗan kuma an bar wa na baya. Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Kuryakyn suke ƙera faffaɗan dabam suna sayar wa wanda baburinsa bai zo da shi ba, ko wanda yake son mafi girma.

Wani zai ce ina ruwan Damagaram da waɗannan manyan babura, da sai a yi wata ba a ga ɗaya a titi ba. Gaskiya ne. Amma ƙananan baburan da ke cike garin nan, na ƴan kabu-kabu da na masu kai kaya ƙauye, da yawansu suna zuwa da faffaɗan ƙarfe a baya domin mai goyo ko domin jarka, wanda bai zo da shi ba kuma mai walda yana yi masa a yini ɗaya. Ga kuma nisan hanyoyinmu. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa Agadas ta Tanut ya haura 400. Ni kaina na taɓa zuwa Maraɗi a kan ƙaramin babur, kuma tun kafin in kai Tasawa tafin ƙafata ya mutu, ina jin wani tsinke-tsinke daga diddige zuwa yatsu, har da na sauka shan ruwa sai da na dafa bango. Dalilin a fili yake: nauyin ƙafa duka yana kan layi ɗaya siriri, rawar inji tana shiga ta nan, ga shi babu wurin da za a matsar da ƙafa gaba ko baya. Faffaɗan yana raba nauyin a dukan tafin, galibi ana sa masa roba tsakaninsa da ƙarfen da ke riƙe shi domin ta sha rawar, kuma mahayi yana iya sauya zaman ƙafarsa, gwiwa da idon sawu su huta. Abin da ya bambanta aiki haka bai kamata ya raba suna ɗaya da ɗan'uwansa ba.

Na kai maganar majalisarmu ta bayan isha'i, aka ba ni sunaye da dama. Wanda ya fara fitowa shi ne mataki, kuma ba shi da laifi a nahawu, tun da wurin takawa ne. Sai dai kalmar ta riga ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta: gwamnati tana ɗaukar mataki, ɗalibi yana mataki na biyu, tsani ma yana da matakai. Idan ƙanena ya rubuta cewa yana da sabon mataki, ba wanda zai gane ƙarfe yake nufi. Wani malamin makaranta ya kawo maɗorin ƙafa, wanda ya fi bayyana aikin, amma yana da tsawo a baki kuma ya haɗe abubuwan biyu a suna ɗaya, ke nan an koma inda aka fito. An ce feda, na ce feda motsi take yi, ko ta keke ko ta keken ɗinki, aikinta tura wani abu, wannan kuwa zama yake yi ƙafa ta huta a kansa. Bugu da ƙari birkin ƙafa na babur ya riga ya karɓi sunan. An ce allon ƙafa, wani dattijo ya girgiza kai ya ce a garin da allo yake abin karatun Alƙur'ani ba za a haɗa shi da tafin ƙafa ba, kuma ban ga wanda ya musa masa ba. Faranti na cin abinci ne, dakali kuma na zama. Katakon ƙafa fassara ce kai tsaye, ga shi ba katako a jikin abin, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe.

Inda na sami bakin zaren ba a majalisa ba ne, a unguwar Birni ne, wurin wani dattijo abokin mahaifinmu da ya tsufa a kan kiwon dawaki da gyaran kayansu. Na je gaishe shi da abubuwan biyu a leda. Ya karɓi siririn ya juya, ya ce, “Wannan ai likkafa ce, ɗana.” Ya karɓi faffaɗan ya auna shi da tafin hannunsa, ya yi shiru, sa'an nan ya sa jikansa ya shiga ɗaki ya ɗauko wani tsohon ƙarfe da tsatsa ta fara ci a gefe. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne mai ɗan lanƙwasa, tsawonsa ya isa ƙafar babban mutum, gefunansa sun tashi sun haɗe a sama inda ake zura igiya. Ya ajiye shi a tabarma kusa da na babur, ya ce, “Wangami ke nan. Shi ake sa wa dokin da za a daɗe a kansa, ko ranar hawa. Ƙafa kwanciya take yi a ciki.” Na ce, “Baba, to in an kira na babur da wannan suna, ba a ci mutuncin kayan sarauta ba?” Ya yi dariya ya ce tun ranar da aka kira mazaunin keke sirdi ba wanda ya kai ƙara fada.

Wannan amsa ita ce hujjata mafi ƙarfi. Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar kalmomin doki yana sa wa abin hawa na zamani. Ya kira keke dokin ƙarfe, ya kira mazauninsa sirdi, ana hawan babur kamar yadda ake hawan doki, har makamin da ake sarrafa tafiyarsa daga nesa an ce masa mai linzami. Likkafa ita kanta ba ta mutu ba, tun da wanda bai taɓa riƙe ragama ba ya san abin da ake nufi in an ce likkafar wane ta ci gaba. Mahayan doki kuma sun riga mu gano matsalar da masu ƙera babur suka gano: siririn ƙarfe yana gajiyar da ƙafa a doguwar tafiya, sai a faɗaɗa shi. Sun ba kowanne sunansa. Saboda haka shawarata ita ce siririn a kira shi likkafa, ko likkafar babur inda ake tsoron ruɗu, faffaɗan kuma a kira shi wangami.

An yi mini suka biyu da na ga sun cancanci amsa. Ta farko daga wani bakanike ce, wanda ya ce likkafa a rataye take tana lilo, ƙafa kuma cikinta take shiga, na babur kuwa a kafe yake, a kansa ake takawa. Haka ne, amma sirdin keke ma ba shi da kwacciya ba shi da majanyi, bai hana shi amsa sunan ba. Aiki ake dubawa idan za a ba sabon abu tsohon suna, ba kowane lungu na siffa ba. Ban da haka na babur ɗin ma ba a kafe yake ƙam ba. Yawancinsu suna da gaɓa da ke ba su damar naɗewa sama, domin idan babur ya kwanta a kwana har ƙarfen ya taɓa kwalta, ya ja da baya maimakon ya tokare ya ɗaga taya. Wannan batu ya fi shafar wangami, domin faɗinsa yana sa ya riga likkafa gogar ƙasa, kuma shi ne babban aibinsa. Aibi na biyu shi ne rairayi: wanda zai bi hanyar yashi yana buƙatar miƙewa tsaye a kan babur, abin da ya fi dacewa da shi kuwa likkafa ce mai haƙora kamar zarto, wadda ke riƙe takalmi, ba shimfiɗa mai santsi ba. Ina faɗin wannan ne domin kada wani ya ɗauka wangami ya fi likkafa a ko'ina.

Suka ta biyu ta fi nauyi: yaran yanzu ba su san wangami ba. Na gwada a rumfar ƙanena, cikin samari biyar ɗaya ne ya taɓa jin kalmar, shi ma ya ɗauka sunan wata riga ce. Amma su ɗin nan ba a haife su da sanin fos-fiye ba, a bakin masu gyara suka tsince shi, kuma da za a tambaye su ma'anar gaɓoɓinsa ba za su iya faɗi ba. Kalmar da ba ta da wani aiki a bakin matasa ta fi sauƙin karɓar sabon aiki a kan wadda ta cika da ma'anoni kamar mataki. Ga wanda kalmar ta yi wa nauyi, faffaɗar likkafa tana nan a matsayin bayani, ana iya rubuta su tare na ɗan lokaci har kunne ya saba.

Akwai na uku da manyan babura suke da shi, wanda ake ɗaurawa can gaba a jikin bututun ƙarfen da ke kare inji, domin direba ya miƙe ƙafafunsa idan hanya ta miƙe ba kwana ba rami. Ana ɗaure shi da maƙalli, kuma a baburan Harley-Davidson bututun galibi inci ɗaya da kwata ne, kusan milimita 32, abin da mai saye ya kamata ya auna kafin ya biya kuɗi. Wannan bai buƙaci sabon suna ba, likkafar miƙe ƙafa ta wadatar. Sai dai ƙafar da ke can ta yi nisa da birki da giya, saboda haka ba abin amfani ba ne a cikin gari.

Saura kalmar da ke nuna cewa abin ba tare da babur ya fito daga masana'anta ba, wani kamfani ne dabam ya ƙera shi domin a sauya ko a ƙara. Wani ɗalibi ya fassara ta Ingilishin, wato aftermarket, kai tsaye ya ce kayan bayan kasuwa, majalisa ta fashe da dariya, domin bayan kasuwa a wurinmu wuri ne, kuma ba wurin da ake alfahari da sayayya ba. Jabu ma bai dace ba, tun da jabu yana sata sunan wani ne, wannan kuwa da sunan maƙerinsa yake zuwa, wani lokaci har ya fi na asali tsada. Gwanjo kuma wanda aka yi amfani da shi ne. Na tsaya a kan na sauyi idan an cire wani an sa shi, na ƙari idan da ma babu komai a wurin, kishiyarsu kuma na asali.

Ga yadda layukan suka fita a jerin ƙanena: likkafar direba ta asali, likkafar mai goyo ta sauyi, wangamin baya na ƙari, baƙin ƙarfe, da notinsa. Ya karanta sau biyu, ya ce zai bar fos-fiye a gefe da ƙananan haruffa har ƙarshen shekara, na ce ban hana ba.

Abu ɗaya ne ban samar wa suna ba, shi nake roƙon a taya ni. Idan an sa wangami a gaba, ƙafa ba ta iya shiga ƙarƙashin sandar giya cikin sauƙi, shi ya sa ake haɗa shi da sanda mai kai biyu, ɗaya a gaban ƙafa ɗaya a bayanta, a taka da yatsu a rage giya, a taka da diddige a ƙara. Ƙananan baburanmu da yawa ma da irinta suke zuwa. Bakaniken nan ya ce a kira ta giya mai diddige, malamin makaranta ya ce ƴar sikeli, domin idan gefe ɗaya ya sauka ɗayan tashi yake yi. Na fi karkata ga ta bakanike, amma na bar layin babu rubutu har in ji daga masu gyaran babur na Maraɗi da Kano, ko akwai sunan da suka riga suka saba da shi.