Ƙotar wuƙa: in sayi kayan aiki ko in je wurin maƙeri?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin ofis ne a Kano, ina sha'awar koyon sassaƙa ƙotar wuƙa a ranakun hutu, ba don sayarwa ba. Ina da tsofaffin wuƙaƙe da guntun itacen marke. Shin in sayi magagari da zarto in koya a gida, ko in riƙa zuwa maƙera ranar Asabar?

Abu Fatima: Wa alaikumus salam. Ka fara kafin babbar Sallah, domin lokacin ne kowane gida yake neman wuƙar yanka da ta fiɗa, kuma riba tana da kyau.

Ɗan Zariya: Malam, kada ka kuskura ka kai kanka maƙera ba tare da sharaɗi ba. Na biya wani maƙeri kuɗin koyo, amma tun daga damina har kaka aikina zuga wuta da ɗebo gawayi. Ranar da ya ba ni itace, ashe ɗanye ne. Na sassaƙa, muka ƙona wutsiyar wuƙar ta yi ja muka cusa ta ciki, na goge na shafa man gyaɗa. Hunturu na shigowa ƙotar ta tsage daga baki har gindi, ƙarfen ya riƙa rawa a ciki, shi kuwa ya ce hannuna ne ba shi da albarka.

Abu Fatima: Magagari mai kyau ba shi da tsada.

Ɗan Zariya: A wace kasuwa? Ni naira 8,000 na saya, kuma mai arhar haƙoransa ba sa kwana biyu a kan marke.

Baba Maƙeri: Yaro, wanda ya yi ƙota ɗaya ta tsage bai isa ya hana wani zuwa maƙera ba. Ana fara ka da zuga ne don ka san wuta, domin idan ƙarfen ya yi zafi da yawa ramin zai ƙone ya yi faɗi. Malam Sabo, ka ajiye markenka a inuwa ya bushe sarai, kuma idan ka samu ƙirya ta fi.

Ɗan Zariya: Allah ya ƙara girma, Baba, amma yau da gam da ƙusar tagulla ake haɗa ƙota, babu ruwan mutum da wuta.

Na Gwaggo: Malam Sabo dai ya tabbata uwargida ta san ina wuƙaƙen girkinta suka shiga, kada a kai ƙara wajen surukai.

Baba Maƙeri: Ƙiryar ma ina take? Masu gawayi sun bi dajinmu sun sare ta har ƙananan, alhali itace ne mai jinkirin girma. Mu da muke ƙira da gawayinta tun kakanni, yanzu sai mun yi takara da masu loda buhuna a mota zuwa birni.

Ɗan Zariya: A nan kam na yarda da Baba. Mu ma a wajenmu masassaƙan turmi kukan da suke yi ke nan.

Malam Sabo: Na gode ƙwarai. To, ta yaya zan gane cewa marken nawa ya bushe?