A yi tiyatar kwatangwalo a wannan hutun, ko a bari sai an gama karatu?

'Yar Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina da sikila, kuma ina aji uku a jami'a a nan Katsina. Likitan ƙashi ya duba hoton da aka ɗauke ni, ya ce kan ƙashin kwatangwalona na hagu ya mutu saboda jini ba ya isa gare shi, sai dai a cire shi a sa na ƙarfe. Tambayata ta lokaci ce kawai: in yi a dogon hutu in koma aji huɗu da sanda, ko in daure har in kammala? Yanzu ko laccar awa biyu ba na iya zama sai na miƙe.

Baban Ummi:
Allah ya ba ki lafiya, 'yata. Kafin a taɓa ki da wuƙa ki gwada wani mai ɗori da ke bayan Daura, domin shi ya gyara ƙafar ƙanena bayan haɗarin babur.

Anti Nas:
Malam, ɗori na karaya ne, ita kuwa ƙashin ne ya mutu daga ciki. Ƙanwata, abin da muke tsoro bayan wannan aikin shi ne ƙwayar cuta ta shiga wurin, ko jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ko sabon haɗin ya goce, kuma mai sikila ta fi marar sikila haɗarin na farkon, sannan sau da yawa ake ƙara mata jini kafin a shiga domin rage haɗarin tashin ciwon sikila. Makonni shida na farko babu tsugunno, babu harɗe ƙafa, salla ma a kan kujera. Ki tambayi kanki irin masan da ke ɗakin kwananku.

Hajiya ta Kusugu:
Ni dai ba zan ce wa kowa ya yi ba. An yi wa maigidana a wani asibiti, aka sallame mu bayan kwana biyar, muka dawo Daura ana ta barka. A mako na uku na ɗaga zanen gado da asuba na ga ruwa rawaya ya jiƙe katifa daga wurin ɗinkin, ga wari, ga zazzaɓi yana karkaɗa shi. Da muka kira wanda ya yi aikin sai ya ce mu ci gaba da maganin da ya rubuta, daga baya ma wayar ta daina shiga. Ƙarshenta sai da aka sake buɗewa a wani wuri aka cire ƙarfen, ya yi wata uku a kwance, muka sayar da gonar gado. Har yau ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, takalminsa sai an ƙara masa dunduniya a wurin baduku.

Alhaji Na Batagarawa:
Allah ya ƙara haƙuri, Hajiya. Nawa kuka biya? Ni an yi mini a 2022 a kan naira miliyan uku da rabi, kuma lafiya lau nake hawa bene.

Hajiya ta Kusugu:
Na farkon kaɗai ya haura miliyan bakwai.

Abu Safwan:
Duk ku biyun kuna iya yin gaskiya, domin daga waje ake shigo da ƙarfen, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin Alhaji ya zama tarihi. Ta je asibitin ƙashi na Dala a Kano ta ji ra'ayin likita na biyu.

Baban Ummi:
To ga shi nan, wadda ta yi jinya ta faɗi abin da idonta ya gani, amma ni aka yi wa gyara.

Anti Nas:
Ban ƙaryata Hajiya ba, amma labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci, kamar yadda hawa benen Alhaji ba ya zama hujja.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Ni abin da na hango shi ne ranar jarrabawa, idan mai gadi ya kara mata na'urar bincike ta yi ƙara, ya ce ta fito da wayar da ta ɓoye. Amma Anti, kin manta da batun abinci. Ana cewa mai tiyata ta ci ƙwai da nama da wake domin rauni ya warke, alhali a ɗakinmu garau-garau da rana, gari da ƙuli da dare, shi ne abincin mako guda. Lokacin jarrabawa kuwa wasu sai ruwan shayi da kwana biyu ba barci.

Anti Nas:
Wannan ma shi ya fi damuna, domin gajiya da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon sikila.

Maman Ɗalibai:
Kuɗin da nake ba 'yata na wata, yanzu ranar goma sha biyar ake kirana ya ƙare. Awarar da ake ba su uku a da, yau ɗaya ce, ita ma sirara kamar takarda. Wai su masu abincin bakin makaranta babu mai tsawata musu ne?

'Yar Ƙofar Marusa:
Na gode muku duka. Masan tsugunno ne a ɗakinmu, kuma a bene na biyu nake. Har yanzu dai ban ji wanda aka yi wa yana ɗalibi ba.

Abu Safwan:
Maman Ɗalibai, ki tambayi kuɗin kwanon waken suya a kasuwa kafin ki ɗora wa mai awara laifi.