Hunturun Marwa na tsaga mini jitoci, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Ina da jita 14 a gida nan Marwa, yawancinsu na katako, a rataye jikin bango. Hunturu na shigowa biyu suka tsage a gaba, wata kuma katakon da ke riƙe tsirkiyarta ya fara ɗagowa. Kamfanin Taylor mai ƙera jita ya ce danshin ɗaki ya zauna tsakanin 45 da 55 cikin ɗari, amma wa zai samu haka a nan daga Disamba zuwa Maris? Na'urar ƙara danshi sai da wuta, wutar kuwa ba ta tsayawa.

Na sassauta tsirkiyoyi, na sa jiƙaƙƙen soso cikin akwatunan jita, kafin yamma ya bushe. Akwatunan ma biyar kacal gare ni. Don Allah, in na ajiye randar ruwa a ɗakin na toshe tagogi, zai wadatar, ko gara mai cin katako zan jawo wa kaina?