In an hana sarar daji, wa ake biya kuma da me?

Ɗan Maiurno: Assalamu alaikum. Tun da yaƙi ya ɓarke nan Sudan a 2023 gas ya yi wuya, jama'a suka koma gawayi, dazukan bagaruwa na wajen Sinnar da Sinja suna shan gatari. In wata rana hukumar gandun daji ta ce a daina sara baki ɗaya, akwai ƙasar da ta taɓa yin haka ta kuma tallafi masu katako? Me ta ba su?

Malam na Sinja: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta rufe sarar dajin asali, wato wanda ba dasa shi aka yi ba, ranar 1 ga Janairu 2024. Da 2030 aka tsara, shari'o'in kare namun daji suka matso da ita. A Mayun 2023 gwamnati ta ƙara dalar Ostireliya miliyan 200 a kan tallafin da ta riga ta ware wa masu sana'ar katako, kuma ba a dunƙule aka raba ba. Ma'aikaci ya samu ƙari a kan kuɗin sallama da horon wata sana'a, mai injin tsaga katako ya samu diyyar rufewa, wasu 'yan kwangila masu manyan injuna aka ba su aikin rigakafin gobarar daji. Jihar Yammacin Ostireliya ita ma ta rufe a 2024, ta ware miliyan 350 don dasa itacen fayin (pine) cikin shekara 10.

Mai Zarto: Malam, dashen nan shi ne inda ake yaudarar kai. Fayin sai ya yi shekara 25 zuwa 30 kafin ya isa tsagawa, bagaruwarmu ma 20 zuwa 30 take ɗauka. Wanda ya ci bashi ya sayi inji ba zai jira wannan ba. Sannan injin da aka kafa don manyan gungume masu tauri ba ya cin riba a kan siraran itacen dashe: haƙoran zarto daban, saurin yanka daban, busarwa daban, ga ɓarna mai yawa a kowane gungume. Diyyar da ba ta shafi bashin inji da sauya kayan aiki ba, rufe shago kawai ta jinkirta.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ku dubi namu. Can kowane ma'aikaci yana da takardar albashi, da ita ake lissafin haƙƙinsa. Nan mai takardar izinin sara ne kaɗai hukuma ta sani. Masu gatari, masu tona ramin gawayi, masu karo (amalanken jaki) da 'yan dako ba sa cikin littafin kowa. Sai a fara rajistarsu ƙauye-ƙauye, da shaidar shehun gari, tun kafin a sanar da ranar rufewa, domin bayan sanarwa sunayen bogi ke cika takarda. Aikin da za a ba su kuwa yana nan: doka ta ce a bar kashi 5 cikin 100 na gonakin ban-ruwa da kashi 10 na gonakin damina ga itatuwa. Su za a ɗauka rainon dashe da gadinsa, a riƙa biyansu wata-wata.