Ina son leƙa Tirana a wannan hutun, wa ya san garin?

Ummi ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina karatu a kudancin Italiya, hutu kuma ya matso. Daga Bari akwai jirgin ruwa da ke kwana a teku ya wayi gari a Durrës, daga nan mutum ya hau mota zuwa Tirana, babban birnin Albaniya. 'Yan ajinmu sun ce asarar kuɗi ce, wai babu abin kallo sai tsofaffin gine-ginen kwaminisanci. Ni kuwa abin da ya ja ra'ayina shi ne na ji ana cewa ƙasar Musulmi ce a cikin Turai. Shin mace mai hijabi za ta sake a can? Yaya batun salla da abinci? Kuma me zan gani wanda zai sa in ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Baffa Habu ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Aiki ya taɓa zaunar da ni a garin, don haka bari in fara da gyara miki zato. Idan Istanbul kike hangowa a ranki, sauke wannan tunanin tun kafin ki hau jirgi. A ƙidayar 2023 Musulmi sun kai kusan rabin mutanen ƙasar, amma akasarinsu Musulunci ne na suna da na gado. Za ki haɗu da mai suna Fatmir ko Ismail yana kurɓar raki, giyarsu ta gargajiya, da hantsi, ya kuma yi miki sallama da fara'a. Kada ki yi saurin yanke musu hukunci sai kin san abin da aka yi musu.

Enver Hoxha, shugaban gwamnatin kwaminisanci, ya riƙe ƙasar daga 1944 har ya mutu a 1985. A 1967 ya rufe masallatai da coci-coci sama da dubu biyu, aka mai da wasu ɗakunan ajiya, wasu wuraren wasanni, wasu kuma aka rushe. Tsarin mulkin 1976 ya rubuta ƙarara cewa gwamnati ba ta yarda da kowane addini ba. Azumi ma sai a ɓoye. Yaron da aka haifa a 1967 sai da ya haura shekara ashirin kafin ya ji kiran salla a garinsu. To wa zai koya masa alwala?

Shi ya sa nake cewa ki fara da masallacin Et'hem Bey, a gefen dandalin Skanderbeg. Ƙarami ne ƙwarai, na zamanin Turkawa, an kammala shi a farkon shekarun 1820. Ya tsira daga rushewa ne saboda an ɗauke shi a matsayin kayan tarihi, amma a rufe yake ga masu ibada. A watan Janairun 1991 dubban mutane suka shiga suka yi salla ba tare da izinin kowa ba, 'yan sanda na tsaye ba su taɓa kowa ba. Wata guda bayan haka, ranar 20 ga Fabrairu, jama'a suka tumɓuke gunkin Hoxha a wannan dandalin. Ki tsaya ki dubi bangon masallacin da kyau: zanen itatuwa ne da gadoji da ruwa mai gangarowa, abin da ba kasafai ake gani a masallaci ba. Ni dai duk garin babu inda nake so kamar nan. Akwai sabon babban masallaci, Namazgah, mai hasumiya huɗu, wanda Turkiyya ta gina aka buɗe a Oktoban 2024. Ya fi fili nesa ba kusa ba, can ya fi miki sauƙi ranar Juma'a, amma a idona kyansa irin na Ankara ne, ba na Tirana ba.

Batun hijabi kuwa, kwantar da hankalinki. Masu sawa ba su da yawa, amma akwai su. Za a kalle ki, sai dai kallon ya fi na launin fata, musamman daga dattijai, kuma galibi tambaya ce ke biyo baya: daga ina? Wanda ya haura shekara arba'in sau da yawa ya fi jin Italiyanci a kan Turanci, domin tashoshin talabijin na Italiya suke kamawa a sace lokacin da ƙasar ke kulle. Wannan riba ce a gare ki.

Gine-ginen da 'yan ajinku suka raina su ne labarin. Hoxha ya ɓata da Yugoslabiya a 1948, da Tarayyar Sobiyet a 1961, da Sin a 1978, ya zama ba shi da kowa, sai tsoron mamaya ya sa ya cika ƙasar da mafakar kankare sama da dubu 170, kowace kamar ƙwarya a kife. Tun a hanyar Durrës za ki fara hango su. Ki je Bunk'Art 1 a gefen gari, ramin da aka haƙa cikin tudu don shugabanni su ɓuya idan aka jefo makamin nukiliya, ɗakuna sama da ɗari. Da sanyi a ciki ko da rani, ki riƙe rigar sanyi.

Nura Injiniya ya amsa:

Baffa, a gafarce ni, a nan ɗaya zan saɓa. Mai 'yan kwanaki kaɗan ba sai ta je Bunk'Art 1 ba. Na biyu, Bunk'Art 2, yana nan tsakiyar gari bayan ma'aikatar cikin gida, tafiyar ƙafa ce daga dandali. Kuma wanda ya fi su duka taɓa ni shi ne gidan da ake kira Gidan Ganye. Asibitin haihuwa ne tun asali, sai 'yan sandan ciki, Sigurimi, suka mai da shi wurin sauraren wayoyin mutane. An buɗe shi gidan tarihi a 2017. Na'urorin naɗar murya da ake ɓoyewa a gidaje da otal-otal suna nan jere. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne yawancin aikin maƙwabta ne ke yi wa maƙwabta.

Idan kin fito ranki ya yi nauyi, ƙanwata, ki gangara Dalar Tirana. An gina ta a 1988 don tunawa da Hoxha, 'yarsa na cikin waɗanda suka zana ta. Yanzu an gyara ta, an yi mata matakala har ƙololuwa, yara na koyon kwamfuta a ciki. Daga can Blloku ba nisa, unguwar da a da talaka bai isa ya taka ba sai manyan jam'iyya. Yau shagunan kofi ne wane bayan wane, gidan Hoxha kuma na nan a tsakiyarsu.

Hajiya Maman Sadiq ta amsa:

Maza sun cika ki da tarihi, ba wanda ya ce me za ki ci. Ummi, akwai naman alade a gidajen abinci da yawa, kada ki ɗauka kowane ƙofte, wato curin niƙaƙƙen nama, halal ne, ki tambaya. Kusa da masallatai ana samun masu rubuta halal a ƙofa. Ni byrek, wato gasasshen fulawa mai haɗin alayyafo ko cuku a ciki, ne abincina da safe, da rana fërgesë, wato tattasai da tumatir da cuku a kasko. Tavë kosi naman rago ne da aka gasa cikin kindirmo da ƙwai, idan kin samu inda kika yarda da yankansu kada ki bari ya wuce ki. 'Ya'yan itace da zaitun sai kasuwar Pazari i Ri.

Sai kuɗi. Lek suke kashewa, yuro ɗaya kusan lek ɗari ne, kuma ƙananan shaguna da motocin haya tsabar kuɗi suke so. Ga inda baƙo ke ruɗewa: tun 1965 aka cire sifiri ɗaya daga kuɗinsu, amma har gobe bakin mutane bai saki tsohon lissafi ba. Mai kofi zai ce miki dubu ɗaya, alhali ɗari yake nufi. Ba cuta ba ce, sabo ne. Ki ce ya rubuta miki ko ya nuna a takardar ciniki.

Ummi ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri Baffa, Yaya Nura, Hajiya. Yanzu kam na ƙudura. Saura biza: takardar zaman Italiya ce da ni, za ta wadatar? Kuma in na so fita wajen gari na yini ɗaya fa?

Baffa Habu ya amsa:

Albaniya ba ta cikin Tarayyar Turai ko yankin Shengen, amma tana barin mai ingantacciyar takardar zama ta ƙasar Shengen ya shiga ba biza. Duk da haka ki nemi tabbaci a rubuce daga ofishin jakadancinsu kafin ki sayi tikiti, domin ma'aikacin tashar jirgi ne zai fara tare ki, ba na kan iyaka ba.

Na yini ɗaya, ki je garin Krujë: ganuwar Skanderbeg, jarumin ƙasar, wanda ya yi ta artabu da Turkawa har rasuwarsa a 1468, da tsohuwar kasuwa mai daɓen dutse. Kada ki nemi jirgin ƙasa, an rushe tsohuwar tashar Tirana tun 2013, ƙananan bas ne za su kai ki, kuma da yamma suna ɗaukewa da wuri. Nura, na karɓi gyaranka rabi. Bunk'Art 1 yana dab da tashar keken igiya mai hawa dutsen Dajti, don haka ta haɗa su biyun a safiya ɗaya. Sai dai ta duba ranar da keken ke hutu a mako kafin ta kama hanya.