Neman shawara: ina zan samo katakon haɗa jita wanda hunturu ba zai tsaga ba?

Kafintan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni kafinta ne a Kano, shekarata goma sha ɗaya ina aikin gadaje da kujeru. Bara ƙanen matata ya kawo mini jitarsa da wuyanta ya ɓalle, na ɗora masa, daga nan sha'awar abin ta shige ni, na ce bari in haɗa tawa tun daga tushe. Na sayi mahogani a 'Yan Katako na Na'ibawa, aka tsaga mini shi siriri, na yi fuska da baya da gefe duk da shi, wuya kuma na madaci. Na gama ta cikin Agusta, ruwa na ta zuba. Sautinta ba laifi, sai dai kamar mai magana da mura. To ran nan cikin Disamba ina shago da hantsi, tana rataye a ƙusa, ko ƙuda bai sauka a kanta ba, sai na ji ƙas! Fuskar ta dare daga ƙasan jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a kansa, har gindi, tsagar da farce ke shiga. Bayan mako biyu jakin ma ya fara ɗagowa.

Na leƙa shagunan waje irin su StewMac na Amurka da Madinter na Sifaniya, komai akwai, amma in ka haɗa kuɗin kawowa da canjin dala sai jikinka ya yi sanyi. Shin dole ne sai katakon Turawa? A cikin itatuwanmu ba wanda zai yi? Kuma ina ake samun ƙarafan wuya da kunnuwan ɗaure tsirkiya? Don Allah masana a taimaka.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Oga da ka huta, ka shigo nan ka ɗauki 'yar China, da kuɗin katakonka kaɗai za ka samu har da jaka.

Kafintan Kurna:
Na sani ɗan'uwa. Ba jita na rasa ba, aikin nake so hannuna ya iya.

Baba Masassaƙi:
Ɗana, ban taɓa yin jita ba, amma na tsufa ina sassaƙa ganga da turmi, kuma ina gaya maka katakon nan bai ci amanarka ba, kai ne ka ɗaure shi yana ƙoshe da ruwa. Abin da ake saukewa daga tirela a kasuwa daga kurmi ya fito, wani ko wata biyu bai yi da sarewa ba. Ga gado ba komai, in ya ja sai ka ƙara masa ƙusa. Abu mai kaurin kwali kuwa da aka manne ta kowane gefe, ina zai ja ya tafi? Sai ya yage. Ka daina zuwa inda ake sauke sabo. Ka bi masu rushe tsofaffin gidaje da masu sayar da tsofaffin ƙofofi da gadajen kakanni. Ƙofar mahogani da ta ga hunturu arba'in ta gama duk motsin da za ta yi. Ka dai duba gara da ramin ƙusa. Mun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ban da naka.

Mai Gyaran Jita, Jos:
Baba ya gama magana a kan tsagar, bari in sa mata lamba. A Kano danshin iska cikin Agusta yana haura kashi 70, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da 20. Masana'antun jita suna riƙe ɗakin aikinsu a wajen kashi 45 zuwa 50, katakonsu kuma danshin cikinsa 6 zuwa 8. Fuska mai faɗin santimita 40 tana iya tsukewa da milimita uku ko huɗu tsakanin damina da rani, haƙarƙarin, wato 'yan sandunan da ka manna mata a ciki, kuma ba sa tsukewa a tsawonsu. Ka ga inda ƙas ɗin ta fito. Don haka mu nan arewa da rani ake manna haƙarƙari a rufe akwati. Wadda aka haɗa a bushe, in damina ta zo cikinta zai ɗan kumbura, tsirkiya ta ɗaga, ka rage ƙashin jaki, wanda tsirkiya ke hawa, ka wuce wurin. Wadda aka haɗa a jiƙe ita ce ke fashewa.

Yanzu batun saye. Kar ka yi odar komai da komai, asarar kuɗi ce. A katako, abu ɗaya ne ƙasarmu ba ta da shi: katakon fuska. Sifurus da sida da ake yin ta da su itatuwan ƙasashen sanyi ne, Alaska da Kanada da tsaunukan Turai, suna girma a hankali, ga rashin nauyi ga tauri a tsawon jijiya. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70, na roba wajen kilo 40, kuma allon da bai wuce milimita 3 ba ne zai ɗauki wannan ya kuma yi rawa. Antonio de Torres na Sifaniya, wanda ya fitar da siffar jitar da muka sani, a 1862 ya haɗa wata da baya da gefe na kwali don a ga cewa fuska ce ke magana. Saboda haka in za ka kashe dala, a nan za ka kashe. Falle biyu ne sirara, kowanne kamar santimita 55 da 20, mai dawowa daga tafiya zai shimfiɗa su a ƙasan akwatinsa. Kuma ka sayi mafi araha. Darajojin nan na A har uku yawanci kyan gani ake sayar maka, launi da daidaiton layi, kunne ba ya jin su.

Sauran jikin kuwa, wurinmu ake zuwa saye. Katakon da kamfanonin jita na Taylor da Martin ke kira sapele, sunan garin Sapele ne na jihar Delta ya ɗauka. Abin da suke kira mahoganin Afirka dangin madacinmu ne. Sai dai madacin arewa ya fi na kurmi nauyi, shi ya sa na fi son na kurmi a wuya, kar jita ta riƙa rinjaya ta kai.

Abin da ya fi ba ni wahala a kasuwa shi ne yanka. Masu inji suna yanka gungume falle-falle daga gefe zuwa gefe, mu kuma muna son wanda layukan shekarunsa suka tsaya a tsaye in ka kalli bakin allon, domin jansa kusan rabin na ɗayan ne. Ni zama nake a kan tari ina juya alluna ina kallon bakinsu, yaran shago na yi mini dariya. A gungume guda allon tsakiya ne kawai ke fitowa haka. In ka same shi, ka cire cibiyar, ka sa a tsaga kowane ɓari gida biyu a buɗe kamar littafi, su ne bayanka.

Kafintan Kurna:
Allah ya ƙara basira Malam. To obeche fa? Ba shi da nauyi, ga shi a ko'ina. Ba zai maye gurbin sifurus ba?

Mai Gyaran Jita, Jos:
Na gwada. Wajen rashin nauyi sun yi kusa, amma taurinsa bai kama ƙafar sifurus ba, sai ka bar shi da kauri, kaurin kuma ya cinye sautin. A jitar tsirkiyar roba za ka iya lallaɓawa. Da obeche gara ka maimaita fuskar mahogani busasshe ka sirance shi, Martin na yin jita mahogani zalla tun shekarun 1920 kuma tana da masoyanta. Murar da ka ji, ina zargin kauri ka bari irin na kafintan durowa, ka yi haƙuri.

Injiniya Panteka:
Akwai hanyar da ba a ambata ba. Akwatunan da ake shigo da manyan injuna da janareto daga Turai, yawancinsu farin katakon can ne, sifurus ko ɗan'uwansa. A nan Panteka ta Kaduna ana farfasa su ana sayarwa a arha. Mafi yawa kulli ne da ramin ƙusa, amma in ka yi haƙuri za ka tsinci mai layi sirara a jere. Ko bai kai faɗin rabin fuska ba ka haɗa falle huɗu, kuma ko ba komai ka samu na haƙarƙari, don su ma sifurus ake so. Taylor da kansu sun taɓa haɗa jita da katakon falet, irin wanda ake ɗora kaya a kai, a 1995. Na biyu, mataccen piyano. Allon sautin da ke cikinsa sifurus ne da ya shekara da shekaru yana bushewa. Ka tambaya a tsofaffin makarantun mishan da coci-coci, wani yana can a sito ɓeraye sun mai da shi gida.

Ɗan Birkitari, Yawunde:
Gaisuwa daga Kamaru. Allon yatsu da jaki baƙin eboni aka saba sa musu, kuma mai yawa daga nan yake fita. Masana'antar Crelicam da ke nan Yawunde, Taylor da Madinter ne suka saye ta a 2011. Da suka zo sun tarar masu sara na kayar da bishiya, in cikinta ya fito da ratsin fari sai su bar ta ta ruɓe a daji, don baƙi wuluk kaɗai ke da kuɗi. Daga baya kamfanin Taylor ya fara sayen mai ratsin yana sa wa jitocinsa masu tsada. Na kawo wannan ne don kar ka raina abin da ke hannunka saboda launi. Kanyar da yara ke tsinkar 'ya'yanta a dajinku 'yar gidan eboni ce, kodayake ba kowace ke da baƙar zuciya ba.

Baba Masassaƙi:
Ya bar wahalar kanya, ya nemi ƙirya. Itacen da ake turmi da shi, maƙera na rububin gawayinsa, tsirkiya ce za ta cinye shi? Tsohuwar taɓarya ko turmin da ya fashe ma ya ishe shi jaki goma. Zai dai wasa ƙarfensa sau da yawa.

Malama ta Gandun Daji:
Sannunku da ƙoƙari. Na san wani zai ce madobiya, wadda a Taraba ake kira madrid, tunda ita ce rozwud ɗinmu, katakon da ake so a jita. Katako ne mai kyau, amma a san halin da take ciki. Dibar da aka yi mata zuwa China ta sa aka shigar da ita rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin itatuwa da namun daji tsakanin ƙasashe, daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Madaci da danginsa da kawo su ma sun shiga rukunin a taron Panama na 2022. Wannan doka ta tsallaka iyaka ce, ba ta hana ka aiki da tsohon allo a shagonka ba, sare bishiya kuma izinin hukumar gandun daji ta jiha yake buƙata. Inda za ta shafe ka shi ne oda: ɗanyen allon rozwud na Indiya sai da takarda, gamammiyar jita ce aka sassauta wa tun 2019, na Barazil kuwa an rufe cinikinsa tun 1992. Ni dai roƙona, Malam, kar ka sa a kayar da madobiya saboda jita ɗaya. Tsofaffin kujeru sun isa.

Mai Gyaran Jita, Jos:
Gaskiya ne Malama. Saura ƙananan kaya. Ɗagowar jakinka, wane gam ka sa?

Kafintan Kurna:
Farin gam ɗinmu na kafintoci.

Mai Gyaran Jita, Jos:
Shi ne. Yana da danƙo ko ya bushe, zafin bazara na taɓa shi sai ya riƙa saki a hankali ƙarƙashin jan tsirkiya. Na masu takalmi kuwa ko kusa. Ka nemi gam ɗin Titebond mai jan murfi, ko gam ɗin fata da ake jiƙawa a narkar a ruwan zafi kamar digiri 60, kar ya tafasa. Shi yana bushewa kamar gilashi, kuma in gyara ya taso zafi da laima na buɗe shi. Ka kuma kankare fenti daga inda jakin zai zauna, katako kan katako.

Ƙashin jaki da na saman wuya kar ka saya. Je kwata ka karɓi ƙashin ƙwaurin sa ko na raƙumi, ka cire ɓargo, ka dafa da sabulun wanki, ka jiƙa shi a fetur kwana biyu maiƙon ya fita, ka shanya. In ka bar maiƙo zai bi katako ya hana gam kamawa. Lanƙwasa gefe kuma bututun ƙarfe ne mai kauri da garwashi a ciki: ka sirance allon zuwa milimita 2, ka yayyafa ruwa, ka riƙa goga shi a hankali har ka ji ya saki da kansa. Sapele na da gardama a nan saboda jijiyarsa a harɗe take, ka yanka na gwaji tukuna.

Wayar firet, wato ƙarafan da ake jerawa a allon yatsu, da sandar ƙarfen cikin wuya su ne za ka haɗa da fuska a odarka, ko ka sa a duba maka a Alaba ta Legas. Kunnuwa kuwa, matattun jitocin da Ɗan Sabon Gari ke sayarwa sun isa, ka cire ka wanke da kananzir.

Ɗan Sabon Gari:
Ka ga dai an dawo wurina. Akwai guda uku a bayan shago da wuyansu ya karye, zo ka kwasa mu sasanta.

Na Yamai:
Mu nan bushewarmu ta fi taku, makaɗan da ke saukowa daga Agadas suna fama da ita kullum. Ko ka haɗa ta daidai, kar ka sake rataye ta a ƙusa da hunturu. Sa ta a akwatinta, ka jiƙa soso ka matse, ka sa a gwangwanin sabulu mai huji ka ajiye ciki.

Kafintan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya na bi maganar Baba, na samo ƙofa biyu na wani tsohon gida da ake rushewa, ɗaya gara ta gama da ƙasanta amma saman lafiya lau, jan mahogani mai nauyi. Na kalli bakin allunan kamar yadda Malam na Jos ya ce, uku layinsu a tsaye yake. Tambayata ta ƙarshe: tunda sun tsufa, in na tsaga yau zan iya fara mannawa gobe?

Mai Gyaran Jita, Jos:
A'a, dakata. Cikin allo mai kauri bai kai bayansa bushewa ba, kuma tsagawa na sakin wani ja da ke ɓoye. Ka tsaga su da ɗan rara, kamar milimita 5, ka jera da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ka ɗora nauyi a sama, a inuwa. Ari sikelin masu sayar da zinari ko na kicin, ka auna falle ɗaya duk Juma'a ka rubuta a jikinsa da fensir. Ran da ka ga mako uku a jere lambar ba ta sauka ba, ka ɗora tukunyar gam. Tsohuwar jitar kuma kar ka yar, ka ɓalle fuskar ka auna mini kaurinta, ina so in ga ko zargina ya tabbata.