Wurin da na yi allurar testosterone ya kumbura yana zafi, haka yake yi ko in tafi asibiti?

Mai_Ɗaga_Ƙarfe:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ina ɗaga ƙarfe, kwanan nan na fara allurar testosterone enanthate, sinadarin maza da ake yi don ƙara tsoka, a cinya, to wadda na yi ta ƙarshe wurin ya kumbura ya yi tauri ya yi ja, in na ɗora hannu sai in ji shi rau da zafi, ko durƙusawa ba na iyawa sosai, jiya da dare har rawar sanyi na yi. Wanda ya sayar min ya ce man ne bai gama bajewa ba, in yi ta gasa wurin da ruwan zafi. Ga kuma kan nonona na hagu yana ciwo, akwai ɗan ƙullutu a ƙarƙashi. Abu ɗaya ne ke jawo su?

Anti_Nas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bar gashin nan, ka tafi asibiti yau ɗin nan. Gaskiya ne a cikin mai ake haɗa maganin, da benzyl alcohol, sinadarin da ke hana shi lalacewa, a ciki, shi ya sa tsoka kan yi tsami bayan allura, wani nau'in testosterone ɗin da ake kira propionate ma ya fi enanthate cizo. Amma irin wannan tsamin kullum raguwa yake yi, kuma yawanci ba ya zuwa da zazzaɓi. Da zarar ka ga ja yana faɗaɗa ga rawar sanyi, to ƙwayoyin cuta ake zargi, kuma in mugunya ta taru can cikin tsoka ƙwayar magani kaɗai ba ta isarta, sai an tsaga an fitar. Kar ka matsa, kar ka soka allura wai za ka zuƙo. Ka zagaye iyakar jan da biro likita ya ga ko yana ƙaruwa, ka tafi da kwalbar a aljihu, ka faɗa masa ainihin abin da ka yi, wallahi ɓoyewa ce ke ɓata mana lokaci.

Baban_Hafsa:
Abin da Anti ta faɗa ka riƙe shi. Maganar nono kuwa daban ce, jiki ne ke juya wani kaso na testosterone ɗin zuwa estrogen, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, ƙullutun nan in ya daɗe ya yi tauri to sai tiyata fa. Ni abin da ya fi damuna da samarinmu shi ne wanda ba a gani a madubi. In kana zuba testosterone daga waje ƙwaƙwalwa sai ta daina ba maraina umarni, su tsuke, maniyyi ya ragu har haihuwa ta yi wuya, jini ya yi kauri, hawan jini ya shigo, kitse mai kyau na HDL ya faɗi, ita kanta zuciya bangonta na iya yin kauri. Masu haɗiyar ƙwayoyin ƙara tsoka irin su Dianabol ko Anadrol su kuma hanta ce ke shan wahala, har ido ya yi rawaya. Tunda za ka asibitin ka roƙa a gwada maka kaurin jini da hanta da kitsen jini. Dainawar ma ka yi ta tare da likita, don bayanta akwai kasala da ƙuncin rai da mutuwar sha'awa, wasu sai sun yi watanni kafin jiki ya dawo.

Sadiq_Jim:
Wani abu kuma, in mutum ya yi allura nan take tari ya turnuƙe shi ƙirji ya riƙe, ɗan man ne ya shiga jijiyar jini ya kai huhu, masu allurar trenbolone, wani maganin ƙara tsoka, sun fi yawan kuka da shi. In numfashi bai dawo daidai ba asibiti kai tsaye. Kuma ɗan'uwa da fatan ba ku haɗa sirinji ko kwalba ɗaya da kowa, ta nan ciwon hanta na B da C da HIV ke bi.

Mai_Ɗaga_Ƙarfe:
Na gode sosai, Allah Ya saka. Sirinji sabo nake sa, amma kwalbar mu biyu muke zuƙa. Na shirya zan fita yanzu.

Anti_Nas:
To ka faɗa wa likitan wannan ma ƙanena, a haɗa da gwajin B da C da HIV. Abokin naka shi ma ya dakata da kwalbar nan, ya duba wurin allurarsa.